Zai zuba jari a yajina, amma ya ce da sunan kamfaninsa za a yi rajista

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Gwammaja, shekara 7 ke nan ina sana'ar yaji. Da ƙullin leda na fara, yanzu a roba nake zubawa da sitika mai sunan da na raɗa masa, kuma ina da 'yan aiki huɗu. Ana sari daga Kaduna da Abuja, har Maraɗi ana tafiya da shi. Haɗin na kakata ne, na ƙara nawa a kai. Na yi rajistar sunan sana'a a CAC.

Abu biyu ne suka hana ni barci. Wani Alhaji mai shaguna a Singa, abokin maigidana, ya ce zai ba ni naira miliyan 12, ya sayi injina, ya kama wuri a Bompai a riƙa yi da yawa. Amma sai na rubuta masa haɗin, kuma a yi rajistar sunan da lambar NAFDAC da sunan kamfaninsa, wai shi ya san hanya, ni kuma in zama manaja da albashi. Maigida ya ce in karɓa, irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Na biyu, 'yar yayata da ta shekara 3 tana taya ni aiki ta yi aure ta buɗe nata. Roba irin tawa, sitika ja da ruwan ɗorawa irin tawa, sunan ma harafi biyu kawai ta canza. Masu saye suna kirana suna cewa yajina ya lalace. Da na yi magana Hajiyarmu ta ce arziki na Allah ne, kada in ɓata zumunci a kan barkono. Malam, yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Kada ki sa hannu a kan kowace takarda tukuna, kuma haɗin nan kada ya fita daga wurinki, ko a rubuce ko a saƙon murya. Da gangan na cire sunan yajin daga wasiƙarki, domin a yadda kike a yau, duk wanda ya ga dama zai iya riga ki kai shi rajista a Abuja.

Ki tambayi kanki, me Alhaji yake saye da miliyan 12? Barkono da citta da kanumfari da masoro ga su nan jibge a kasuwa, ya ma fi ki sanin inda suke araha. Injin niƙa da na like da kuɗinsa zai saya. Ma'aikata kuwa, in ya buɗe ƙofa da safe, kafin azahar sun yi layi. Abin da kuɗinsa ba za su samar masa a wata ɗaya ba shi ne sunan da mata suke shiga shago su ambata, in an miƙo musu wani su ce ba shi ba, sai kuma haɗin da ya sa suke komowa. Shekara 7 kika yi kina tara su, kuma su ne kaɗai ya ce a mayar hannunsa. Ba na zarginsa da mugun nufi. Ɗan kasuwa ne, ya ga haja mai daraja a hannun wadda ba ta yi mata kuɗi ba, ya taya. Tayi ba laifi ba ne, ke ce dai ba za ki sallama ba sai kin san abin da kike riƙe da shi.

Takardar CAC ɗin nan ba ta mallaka miki sunan da ke jikin roba ba. Nan ne 'yan kasuwarmu da yawa suke kwana da shirinsu rabi. Aikinta ta nuna cewa akwai sana'a mai wannan suna, ki buɗe asusun banki da ita, ta kuma hana wani yin rajistar sana'a da suna iri ɗaya a wurinsu. Mallakar suna a kan kaya kuwa wani ofishi ne daban yake bayarwa, wato ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar da aka kafa tun 1965. A can, wanda ya riga kai takarda shi ne a gaba.

Ki nemi lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, naki na kanki, wanda ba Alhaji ne ya kawo shi ba. Zai fara da bincike ko wani ya riga ki. In babu, sai ya shigar da buƙata ta intanet, a ba ki shaidar an karɓa, daga baya takardar amincewa ta fito. Sai a buga sunan a mujallar ofishin a jira wata 2 ko wani zai ƙalubalanta, sannan satifiket. Bugawar nan tana jan lokaci, kada ki ɗaga hankalinki, domin idan satifiket ya fito, daga ranar da kika shigar da takarda ake fara lissafi. Yana aiki shekara 7, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. An kasa kaya da ayyuka aji 45, yaji yana aji na 30. Idan kina da niyyar fitar da dambun nama ko kilishi da wannan sunan nan gaba, aji na 29 ne, zoɓo kuma na 32, kowanne da rajistarsa. Kin ci sa'a sunan naki ƙirƙirarre ne. Da irin su “Yaji Mai Daɗi” ko “Yajin Kano” kika sa, da wuya a mallaka miki, don ba a hana sauran masu yaji cewa nasu da daɗi ko a Kano aka yi shi.

Ki duba takardar da idonki ki ga sunan wa aka rubuta a gurbin mai alama. Naki ne ya kamata, ko na kamfanin da ke kaɗai ce mai shi, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa. Idan aka rubuta kamfanin Alhaji, to ranar da kuka saɓa, ko ranar da ya faɗi magadansa suka zo rabon gado, ke ma'aikaciya ce da za a iya sallama, kuma za a iya hana ki manna sunan da kika raɗa da bakinki. Gaskiya ne doka ta bar wa wanda ya riga fara amfani da suna wata kariya ko da wani ya riga shi rajista, amma kariya ce ta zuwa kotu da hujja, kuma wadda ta sa hannu ta miƙa da kanta ba ta da ita. Duk da haka ki tattara tsofaffin rasitai, da rasitin mai buga sitika, da hotunan farko da kika ɗora masu kwanan wata, ki adana wuri guda.

Haka lambar NAFDAC. Ai su ma cikin takardun da suke nema har da shaidar rajistar sunan kayan, kuma sun san tsarin da mai suna yake riƙe da lambarsa, wata masana'anta tana yi masa aiki bisa yarjejeniya. Don haka maganar sai da sunan kamfaninsa ba dole ba ce.

Shi kuwa haɗin ba a kai shi rajista. Za ki ji wani ya ce ki nemi takardar haƙƙin ƙirƙira. Kada ki bi. Ita wannan takarda sai kin bayyana yadda ake yin abin dalla-dalla a rubuce inda kowa zai iya karantawa, kariyarta shekara 20 ce ta ƙare, kuma sai abin ya zama sabo fil, alhali naki ya shekara 7 a kasuwa. Sirri kuwa ba shi da wa'adi muddin bai fita ba. Tun 1886 ake sayar da Coca-Cola, har yau ba su kai haɗinsu rajista ba. Masana'antar da ke cika kwalabe a Challawa ba ita ce mai sunan ba. Tataccen haɗin ake kawo mata, ta ƙara ruwa da sukari da gas, ta cika ta rarraba, uwar kamfanin tana can riƙe da suna da sirri.

Tsarin da nake so ki kai wa Alhaji ke nan. Yajinki kashi biyu ne. Akwai mai yawan, barkono da ƙuli da gishiri, wanda kowa ya sani. Akwai kuma ɗan kaɗan ɗin da ya bambanta shi, awon kayan ƙamshi da yadda ake gasa su da abin da ake fara zubawa. Wannan na biyun ke za ki riƙa haɗawa a ɗaki ke kaɗai, ki niƙa, ki zuba a bokiti mai murfi ki like, ki rubuta a jiki cewa bokiti ɗaya na buhu kaza ne. Masana'anta ta karɓa ta gauraya ta cika roba. Kayan ma kada ki saye su duka a hannun mutum ɗaya, domin mai awo a kasuwa ya fi kowa saurin gane haɗin mutane. A jikin sitika sunayen kayan ake jerawa, ba a rubuta awo ko yadda aka sarrafa. Ki rubuta cikakken haɗin a takarda guda, ki rufe a ambulan ki ba wanda kika amince wa amana saboda halin rayuwa, domin wannan ma gadon 'ya'yanki ne. 'Yan aikinki huɗu kuma kowacce ta sa hannu a 'yar takarda cewa abin da ta gani a wurin aiki ba za ta fitar ba. Ƙasar nan ba ta da wata doka ta musamman a kan sirrin sana'a, irin wannan takardar ce abin riƙonki a kotu.

Sunan kuma ki ɗauke shi kamar shago a Kantin Kwari: mai hankali haya yake bayarwa, yana karɓa duk shekara, shagon yana nan nasa. Ki ba Alhaji izinin amfani da shi a rubuce, ya zuba jarinsa a injina da motocin rarraba kaya, ya ci ribarsa, ke kuma ki karɓi kuɗin haɗin da kike kawowa da wani kaso a kan kowace roba. Mu yi lissafi na misali. A ce naira 60 ce kasonki a roba ɗaya, masana'anta tana fitar da 15,000 a wata. Naira 900,000 ke nan duk wata, cikin wata 14 kin wuce miliyan 12 ɗin, kuma suna da haɗi suna hannunki. Ainihin alƙaluman daga littafin cinikinki za su fito, in kuwa ba kya rubutawa, ki fara daga yau, don ba a yi wa suna kuɗi da baki.

Yarjejeniyar ce wurin da za ki zauna da lauya ku daɗe. A sa mata wa'adi, shekara 3 ta isa a gwada. Kamfanin Coca-Cola da kansa ya ɗanɗana kuɗarsa a nan. A 1899 mai shi na lokacin, Asa Candler, ya ba wasu lauyoyi biyu izinin cika kwalabe a kusan duk faɗin Amurka a kan dala 1, babu ranar ƙarewa, kuma an ƙayyade farashin haɗin. Da sukari ya yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, sai da aka dangana da kotu. Ke da kike sayen barkono a ƙasar da farashi ba ya kwana inda ya yini, dole a rubuta cewa za a riƙa duba kuɗin haɗin lokaci-lokaci. A faɗi jihohin da izininsa ya ƙunsa, da mafi ƙarancin abin da zai biya ki a wata ko an sayar ko ba a sayar ba, don kada ya riƙe sunan ya kwantar da shi. A ba ki ikon shiga masana'anta ba tare da sanarwa ba, ki ɗebi roba ki ɗanɗana, ki duba littafin fitar kaya. Wannan ya fi kuɗin ma muhimmanci a wurina, domin ranar da wani manaja ya ga barkono ya yi tsada ya ƙara garin masara da kala, sunanki ne zai mutu, shi kuwa Alhaji ya juya injinsa ya niƙa wani abu. A rubuta cewa ba zai ba wani izinin ba, ba zai yi rajistar suna mai kama da naki ba, kuma in an rabu, ragowar sitika a ƙona a gabanki. Ana iya shigar da sunansa a ofishin Abuja a matsayin mai amfani da izini. In aka ce miki ai an yarda da juna, takardar me, ki tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai 'yar yayarki. Hajiya ta yi gaskiya, arziki na Allah ne, kuma babu mai ikon hana yarinyar sana'ar yaji. Abin da ta koya a hannunki shekara 3 ba tare da wata takarda ba, ki ƙaddara ya tafi, ki yafe. Amma kwaikwayon suna da sitika har mai saye ya ɗauka naki ne, wannan ha'inci ne, kuma wanda aka fara cuta shi ne mai sayen da ya biya kuɗin abu aka ba shi wani. Hadisin wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu sananne ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci da ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu darajar kuɗi, ana iya sayar da su, kuma bai halatta a keta su ba. Ki samu malamin da Hajiya take jin maganarsa ya yi mata wannan bayanin, zai fi shiga daga bakinsa.

Ta fuskar doka, ko ba rajista kina iya ƙarar wanda yake sayar da kayansa da sunan naki ne, amma sai kin tabbatar wa kotu an san sunanki, an ruɗi masu saye, kuma kin yi asara. Saƙonnin masu cewa yajinki ya lalace hujja ne, kada ki goge ko ɗaya. Harafi biyun da ta canza ba za su cece ta ba in sunayen suna ruɗarwa a ido ko a kunne. Launi ne dai ba na so ki dogara da shi. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Ferodo mai kayan birkin mota da kamfanin Ibeto. Ferodo ya ce an kwaikwayi kwalinsa mai ja da baƙi da fari, kotu ta ce kalmar Ferodo ce alamarsa, launukan ado ne, shi kuma Ibeto da sunan Union yake sayar da nasa. Ferodo ya faɗi. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya shigar da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka cikin ma'anar alama, don haka ki ce wa lauya ya shigar da sunan daban, ya kuma shigar da hoton sitikar gaba ɗaya da launukanta.

Amma ni ban ga abin kotu ko 'yan sanda a nan ba, kuma kada ki yi habaici a WhatsApp. Ki je gidan yayarki da kanki, ki ajiye robobin biyu a gabanta ki ce ta nuna naki daga nesa. Sannan ki ba yarinyar zaɓi. Ko ta canza suna da launi, ke ki biya mata kuɗin buga sabuwar sitika a matsayin gudummawar uwa, ko kuma ta zama dilarki a unguwar da ta tare, tana sayar da na ainihi tana cin la'ada. Na fi son na biyun, tunda ta san kayan, ta san masu saye, kuma in masana'anta ta fara aiki za ki buƙaci irinta goma. Sai in ta ƙi duka biyun ne lauya zai rubuta mata wasiƙa, bayan takardar amincewarki ta fito.

Akwai ƙananan ramuka da za ki toshe a makon nan. Yaron da ya zana miki tambari, a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 zanen nasa ne sai in ya mallaka miki a rubuce, ko da kin biya shi, don haka ki sa ya rubuta layi uku ya sa hannu. Layin wayar da ake oda da shi da shafinki na Instagram, ki tabbata da sunanki suke, ba na ɗanki ko wata 'yar aiki ba. Maraɗi kuma rajistar Abuja ba ta tsallaka iyaka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar alamun kasuwanci mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya a can ta haɗa miki Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, tana aiki shekara 10. Ba yau ba, amma kafin ki ba wani dillancin can.

Maigida kuwa kada ki sa shi ya ji an ƙi shawararsa. Tsoronsa kada dama ta wuce ku, kuma yana da kunyar abokinsa. Ki zaunar da shi ki nuna masa lissafin nan a takarda, ki ce ba ƙin Alhaji kika yi ba, tayi kika mayar. Ku bari sai shaidar karɓa daga Abuja ta shigo hannu, sannan shi da kansa ya kai masa sabon tsarin. Idan Alhaji ya yarda, kun samu abokin hulɗa mai jari da hanyar rarraba kaya, abin da kike nema ke nan. Idan ya ce shi sai dai a sayar masa ɗungurungum, to a kira abin da sunansa, ciniki ne, a kawo akawu ya duba ribarki ta shekara da yadda take hauhawa, a yi masa kuɗi a kan haka, kuma ki shiga da sanin cewa daga ranar ba ke ba wannan sunan. In farashin bai yi miki ba, akwai masu injin da suke niƙa su cika roba a biya su ladan aiki, ki fara da su da katan ɗari ki ga yadda kasuwa za ta ɗauka.